Na Yafe a Baki, a Zuci Fa?

A shekarar 2025 aka fara fitar da sakamakon wani babban bincike kan walwalar ɗan Adam, wanda masana daga jami'o'in Harvard da Baylor na Amurka suka gudanar tare da kamfanin Gallup. An yi wa mutum sama da 200,000 tambayoyi a ƙasashe 22, kuma ɗaya daga ciki ita ce ko mutum yakan yafe wa waɗanda suka cuce shi. Najeriya ce ta zo kan gaba, inda kusan 92 cikin 100 suka ce sukan yafe a yawancin lokuta ko ma kullum, Turkiyya kuma ta zo ƙarshe da kusan 41. Bakatsine ba zai yi mamakin wannan ba. Da an sauko daga idi ake bin gidajen dangi ana cewa a yafi juna. Maniyyaci yakan zagaya unguwa neman gafara kafin ya tashi, haka kuma kafin a sallaci gawa sai wani ya ɗaga murya ya roƙi duk wanda mamacin ya ɓata wa ya yafe masa, jama'a su amsa baki ɗaya. To amma bakin da ya ce "na yafe duniya da lahira" da hantsi, shi ne yakan ce "na bar shi da Allah" da daddare, kuma kowa ya san mai faɗar haka bai sauke komai ba, ƙara ya ɗaukaka zuwa babbar kotu. Abin da wancan adadi ya tabbatar shi ne yafiya tana da daraja a wurinmu har mutum yana jin nauyin ya ce ba ya yin ta. Sanin abin da ya rage a zuci bayan furucin kuwa yana buƙatar awo mai zurfi fiye da tambaya guda, kuma Katsina na cikin wuraren da suka fi buƙatarsa.

Masu ilimin halayyar ɗan Adam sun daɗe da gane cewa tambayar "ka yafe?" kai tsaye ba ta fito da gaskiya, don haka suka bi ta bayan gida. A 1998 Michael McCullough da abokan aikinsa suka fitar da wata takardar tambayoyi da ake kira TRIM, mai jimloli 12. Za a ce ka tuno mutum ɗaya da ya cuce ka, sai a karanto maka jimlolin ɗaya bayan ɗaya, kana faɗin gwargwadon yardarka da kowace daga 1 zuwa 5. Biyar daga ciki suna kan ramuwa, kamar fatan wani mugun abu ya same shi ko burin ya ɗanɗana kuɗarsa. Bakwai suna kan ƙauracewa, wato nisantarsa, janye amana daga gare shi, da zama kamar babu shi a duniya. Daga baya an ƙara shida kan yi masa fatan alheri, suka zama 18. Ta Robert Enright na Jami'ar Wisconsin ta fi tsawo, jimloli 60, har da wasu biyar na daban da aka saka don kama mai yafiyar ƙarya, irin wanda zai ce ai ba a yi masa komai ba alhali ta ciki na ciki. Akwai kuma ta Heartland da ta fito a 2005, wadda ke duba halin mutum gaba ɗaya wajen yafe wa kansa, da wasu, da abin da ya faɗo masa ba da laifin kowa ba. Amma rabewar da ta fi amfani a nan ita ce ta Everett Worthington, wanda aka kashe mahaifiyarsa a cikin gidanta yana tsakiyar bincike kan yafiya. Ya raba yafiyar ƙuduri, inda mutum ya yanke cewa ba zai rama ba, da yafiyar zuci, inda ɗacin da kansa ya lafa. Ta farko tana iya faruwa a zama ɗaya a zauren mai unguwa. Ta biyu takan ɗauki shekaru, wani lokaci ma har a koma ga Allah ba ta zo ba.

Abin da ke tsaye tsakanin biyun shi ne saƙe-saƙe, wato maimaita cutar a zuci dare da rana: me ya sa ni, da na sani da na ce masa kaza, in na sake ganinsa zan yi kaza. Susan Nolen-Hoeksema ta yi suna wajen auna wannan ɗabi'a tun daga 1991, ta kuma nuna yadda take tsawaita ciwon damuwa. A 2007 McCullough da wasu suka bi mutanen da aka ɓata wa na tsawon makonni, suka ga duk sa'ad da saƙe-saƙen mutum ya ƙaru, fushinsa yakan taso, son ramuwa ya biyo baya. Jiki ma yana ba da shaida. A 2001 Charlotte Witvliet ta sa ɗalibai 71 su tuno wanda ya cuce su, tana auna bugun zuciya da hawan jini da gumi da ɗaurewar gira. Duk sun hau lokacin da suke raya ƙullaci, fiye da lokacin da suke ƙoƙarin kallon mai laifin da tausayi. Hausawa da suka ce labarin zuciya a tambayi fuska ba su yi nisa da wannan ba.

Yanzu a dawo gida. Tsohon gwamnan Katsina Aminu Bello Masari ya yi wa 'yan bindiga afuwa a wa'adinsa na farko, ya sake zama da su a Satumbar 2019, kuma kafin 2020 ta ƙare shi da bakinsa ya ce an ci amanarsa. A Disambar shekarar aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Auwal Daudawa da ya jagoranci satar ya yi rantsuwar tuba a Gusau a Fabrairun 2021, bai cika wata uku ba ya koma daji, a can aka kashe shi. A 2025 kuma aka shiga sabon zagayen sulhu a ƙananan hukumomi irin su Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa da Faskari, inda aka ga hotunan mutanen daji sun zo taro rataye da makamansu. A irin waɗannan taruka abubuwa uku ake cuɗawa a kira su da suna ɗaya: afuwar hukuma, da yarjejeniyar tsagaita wuta don a samu a yi noma, da yafiyar wanda aka kashe wa miji ko aka sa ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa. Biyun farko shugabanni suna iya sa musu hannu. Ta ukun kuwa shari'ar Musulunci ma a hannun magadan wanda aka kashe ta bar ta, su zaɓi ƙisasi ko diyya ko yafewa. Matar da ta gudo daga ƙauyen Batsari take zaune a kangon wani a bayan Ƙofar Guga ba ta halarci taron ba, haka nan Bafulatanin da 'yan sa-kai suka kashe wa ɗan'uwa a hanyar kasuwa. Idan son ramuwa yana nan da zafinsa a zukatan dubban irinsu, to sulhun bai da tushe, kuma gara a san haka da wuri ta hanyar tambaya da a sani ta hanyar sabon hari.

Mai ƙin wannan magana zai ce yafiya ba gero ba ce balle a auna ta da tiya, kuma Allah kaɗai ya san abin da ke cikin ƙiraza. Gaskiya ne, sai dai takardun nan ba su taɓa da'awar auna niyya ko lada ba. Abin da suke tambaya shi ne abin da mutum ya sani game da kansa: ko yana fatan sharri, ko yana canza hanya in ya hango wane, ko tunanin yana hana shi barci. Idan aka maimaita tambayoyin bayan wata shida, ana iya ganin ko abin yana sauka ko yana hawa.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na asalin ma'aunin. Wani nazari na Jeffrey Arnett a 2008 ya nuna kashi 68 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu a manyan mujallun fannin Amurkawa ne, da yawansu ɗaliban jami'a. Abin da ya dace da ɗalibin da budurwa ta yaudara ba lallai ya dace da mu ba, kuma jimlolin ƙauracewa ne suka fi nuna haka. Matar da kishiyarta ta ɓata wa, suna girki a murhu ɗaya suna karɓar kwana, ba ta da halin nisantarta, sai takarda ta nuna ta yafe alhali gaba ce ake yi cikin gaisuwa. Manomin da ya ce ba zai ƙara amincewa da wanda ya ƙona masa rumbu ba kuwa takarda za ta nuna shi mai riƙo, alhali hankali ya yi. Ga kuma kunya, a Katsina, garin da kirarinsa ma ita ya ambata. Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya jera haƙuri da kunya cikin manyan siffofinsa, don haka wanda aka karanta wa tambayoyi a gaban maigida ko dagaci zai ba da amsar mutumin kirki ne, ba tasa ba. Batun yafe wa kai ma baƙo ne ga wanda ya tashi da sanin cewa tsakaninsa da laifinsa tuba ce da istigfari. Duk wannan hujja ce ta a sake ƙera ma'aunin a nan, ba ta a jefar da shi ba. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta Al-Ƙalam da Asibitin Koyarwa na Tarayya duk a Katsina suke. Ya kamata aikin ya fara da sauraron yadda mutane ke bayyana ɓacin ransu da Hausa da Fulatanci, a gina jimlolin daga nan, mata su tambayi mata a keɓe, a kuma raba ƙauracewar tsoro da ta ƙiyayya.

Saura haɗari ɗaya, kuma shi ya fi cancantar a tsaya a kansa: kada awon ya zama sabuwar hanyar cewa "a yi haƙuri" ga wanda aka zalunta. James McNulty ya bi ma'aurata 72 a shekaru huɗun farkon aurensu, ya wallafa a 2011 cewa waɗanda suka fi saurin yafewa sun ci gaba da fuskantar zagi da duka daga abokan zamansu, yayin da abin ya ragu ga waɗanda ba su da saurin yafewa. Ashe maki mai yawa ba kullum ne alheri ba, musamman inda mai laifin bai daina ba, kuma bindigarsa na kafaɗarsa. A ɗaya gefen, wani gwaji da aka yi da mutum sama da 4,500 a Kolombiya, Yukiren, Indonesiya, Hong Kong da Afirka ta Kudu, da ɗan littafin atisaye da aka gina kan tsarin Worthington, ya nuna raguwar damuwa da fargaba ga waɗanda suka yi aiki da shi, ba tare da an ce su koma hulɗa da wanda ya cuce su ba. Idan aka auna mutanen Jibiya aka tarar ɗaci na nan daram bayan sulhu, abin da sakamakon ke nema shi ne a duba diyya, da hukunci, da gonakin da ba a mayar ba, da likitan da zai saurari wadda ta shekara ba ta yi barcin kirki ba.