Ko Kun Sani? Zuciyata ko Karena?

Ko kun san cewa cibiyar da ke koya wa jami'an diflomasiyyar Amurka harsuna ta jefa Larabci cikin rukunin mafi wuya ga mai jin Ingilishi? Ta ware masa makonni 88, wato awa 2,200 a aji, alhali Faransanci ko wata takwas bai ci ba.

Babban tarkon a maƙogwaro yake. Ingilishi ba shi da harafin ƙaf, sai Bature ya mayar da shi kaf. Ya tashi ce wa amaryarsa "ƙalbi", zuciyata, sai ka ji "kalbi", karena! Haka ma "hamam", tattabaru, da "hammam", banɗaki: shadda ɗaya ce kawai tsakaninsu. Ga shi kuwa Misirawa ba sa wasa da naman tattabara, don haka mai neman abinci a Alƙahira ya iya bakinsa.

Bahaushen da ya saba rarrabe kare da ƙare, ko baba da babba, ya huta da wannan. Amma kada a yi saurin dariya. Ibn al-Anbari na Bagadaza ya rubuta littafi guda kan kalmomi masu ma'ana biyu kishiyoyin juna, kamar "jaun", da ke nufin fari, kuma baƙi.