Ko Ka Sani? Injin Ban Ruwa Ma Sai An Auna Masa Gona

Ko ka san ƙaramin injin ban ruwa mai bakin inci 2 yakan fi mai inci 3 iya tura ruwa sama? A takardun kamfanin Honda, samfurin WB20 mai inci 2 yana ba da lita wajen 600 a minti ɗaya, kuma yana iya kai ruwa tsayin mita 32. Yayansa WB30 mai inci 3 yana ba da lita wajen 1,100, amma hawansa bai kai mita 30 ba. Babban ya fi yawan ruwa, ƙaramin ya fi hawa. Ke nan tambayar da ake yawan yi wa mai shago, "wanne ya fi ƙarfi?", ba ta da amsa sai an san gonar da za a kai injin.

Wannan magana ta shafi aljihun mutanen Diffa da ke Nijar kai tsaye. Kogin Komadugu Yobe, wanda ke samun ruwansa daga kogunan Haɗeja da Jama'are, ya raba Nijar da Najeriya na tsawon kilomita kusan 150 kafin ya faɗa Tafkin Chadi a wajen Bosso. A bakinsa ne, daga yankin Shetimari zuwa Geskeru, ake noman tattasan da ake yi wa kirari da jan zinaren Manga. A da da jigo ake ban ruwa, yau kuwa ƙarar inji ce ke tashe a kowace fadama. Da aka kafa dokar ta-ɓaci a Diffa a watan Fabrairun 2015, aka taƙaita sayen man fetur da takin zamani, manoma sun ga yadda kowace lita take da daraja.

Awo na farko shi ne zurfin zuƙa. A gaskiya inji ba ya jawo ruwa da ƙarfin kansa. Farfelar da ke cikinsa tana rage matsi ne a cikin tiyo, sai nauyin iskar da ke danne da kogi ya turo ruwan sama. Nauyin iskar nan kuwa yana da iyaka: ko a lissafin takarda ba ya ɗaga ruwa fiye da mita 10 da ɗan kai, a aikace kuma abin yakan tsaya a mita 7 zuwa 8. Ko injin ya kai girman ɗaki, ba zai ƙetare wannan iyaka ba. Shi ya sa za ka ga manomi ya haƙa rami a gefen rijiyar burtsatse, ya saukar da injin ciki don ya kusanci ruwa.

A Komadugu wannan awo ba ya zama wuri ɗaya. Kogin na cika ne bayan damina, sannan ya riƙa janyewa har ya koma tafkuna a rani, kuma madatsun Tiga, na 1974, da Challawa, na 1992, can a Jihar Kano, suna da hannu a yawan ruwan da ke isowa. Wanda ya auna zurfi ranar da kogi ke cike, zai sha mamaki lokacin tsinkar tattasai. Idan zuƙa ta yi wa inji nisa, za ka ji cikinsa na ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, tiyon zuƙa na rawa, ruwa na fita da tsartuwa. Kumfa ce ke fashewa a jikin farfela, kuma a hankali take cinye ta.

Awo na biyu shi ne tiyo. Ruwa na gogar bangon tiyo yayin da yake tafiya, kuma gugar na ƙaruwa ƙwarai idan tiyon ya matse. In aka ce ruwan da ke bi ta tiyo mai inci 3 shi ne zai bi ta mai inci 2, asarar ƙarfi za ta ninka kusan sau bakwai. Saboda haka wanda ya sayi injin inci 3, kuɗi suka ƙare ya haɗa masa tsohon tiyon inci 2 mai tsawo, yana shan man babba ne yana samun aikin ƙarami. Kowace lanƙwasa da kowane mahaɗi mai yoyo, wanda aka ɗaure da robar taya, su ma suna cin nasu rabon.

Awo na uku shi ne gonar kanta. Milimita 1 na ruwa a kan hekta 1 daidai yake da lita 10,000. A ce tattasai na son milimita 6 a yini, hekta guda na neman lita 60,000 ke nan. Injin da ke ba da lita 400 a minti a bakin fangali zai gama wannan cikin awa 2 da rabi, ban da abin da hanyar ruwa ta ƙasa ke shanyewa. Mai rabin hekta, to, me zai yi da inci 3? Ruwan zai fi ƙarfin mai juya shi, ya fasa kunya, ya kwashe taki. Haka idan rijiya ba ta kawo ruwa da saurin da inji ke zuƙa, sai ya shaƙi iska, a yi ta kashewa ana sake cika masa ciki.

Irin wannan awo sana'a ce sukutum a wasan golf. Kafin ɗan wasa ya sayi sandunansa na ƙarfe, akan auna tsayinsa da tazarar wuyan hannunsa zuwa ƙasa da saurin bugunsa, domin kan sandar da bai kwanta daidai a ƙasa ba yakan kautar da ƙwallo gefe. Tun 1972 kamfanin Ping na Amurka, wanda Karsten Solheim ya kafa, yake sa ɗigon launi a jikin sanda don nuna awon da ya dace da mai ita. 'Yan golf ƙwallo kawai suke gudun ta ɓace, manomi kuwa abincin shekara ne.

Awon inji ba ya buƙatar komai sai igiya da tef da ɗan lissafi. Kafin ka je kasuwa, san abu huɗu: nisan inji da ruwa a lokacin da kogi ya fi janyewa, tsayin da ruwa zai hau, tsawon tiyo da faɗinsa, da girman gona. Kai su wurin ƙwararren makanike ko malamin gona, ya duba takardar da ke nuna yawan ruwan injin a kowane tsayi. Gona babba a gaɓar kogi, inci 3 ne nata. Ƙaramar gona mai nisa ko mai tudu, inci 2 da tiyo mai faɗi ya fi mata riba.