Rage nauyin babur ɗin tirayal

Rage nauyin babur ɗin tirayal shi ne cire wasu sassan babur, ko sauya su da marasa nauyi, domin ya yi sauƙin sarrafawa. Tirayal wasan babur ne da ake hawa duwatsu da kututtura da gangare a hankali, kuma ba gudu ake aunawa ba. Duk wanda ya dafa ƙasa da ƙafa ana rubuta masa maki 1, wanda ya kasa wuce wurin kuma maki 5. Mai ƙarancin maki shi ne ya yi nasara.

Tarihi

Wasan ya samo asali ne a Birtaniya, inda aka fara gasar kwana shida ta Sukotlan a shekarar 1909. Baburan farko manya ne masu nauyi. Sammy Miller, ɗan Ayalan ta Arewa, ya shahara da rage wa babur ɗinsa ƙirar Ariel mai 500cc nauyi, ya kuma lashe gasar da shi a 1962 da 1964. Daga baya ya koma kamfanin Bultaco na Sifen, ya sake lashe ta a 1965 da ƙaramin babur mai suna Sherpa T. Tun daga nan ƙananan babura suka mamaye wasan.

Hanyoyi

Babur ɗin tirayal na zamani bai cika wuce kilo 70 ba, ga shi ba shi da kujera domin a tsaye ake tuƙa shi. Ana rage nauyi ta hanyoyi uku:

* Cire abin da wasan ba ya buƙata, kamar madubi da kariya da babbar fitila.
* Ƙaramin tanki: litar fetur ɗaya ta kai kimanin giram 750, shi ya sa tankin bai cika wuce lita 3 ba.
* Sauya ƙarfe: alminiyam yana da kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin baƙin ƙarfe mai girmansa, titaniyam kuma ya ɗan haura rabi. Da su ake yin noti da salansa da wurin taka ƙafa.

Nauyin da aka rage a taya da wili ya fi amfani, domin shokozoba ta fi saurin mayar da taya mara nauyi ƙasa bayan ta yi tsalle.

Bambanci da baburan haya

Baburan da aka saba gani a Daura da Mai'aduwa da Zango da Ɓaure da Sandamu, irin su Bajaj Boxer, sun haura kilo 100. An ƙera su ne domin ɗaukar fasinja da buhunan hatsi, don haka ƙarfinsu yana tattare da nauyinsu. Dabarun tirayal ba su dace da su ba. Cire fitila ko madubi yana jefa mai babur cikin haɗari a kan titi, musamman da dare. Cire murfin cen kuma yana barin yashi ya cinye ta da wuri, tana iya kama bakin riga ko zanen fasinja.

Haɗari

Huda ramuka a gangar jikin babur ko kankare ta yana raunana ƙarfen, tsagewa kuma takan fara ne daga bakin rami ko wurin walda. Shi ma alminiyam yana gajiya idan ya daɗe yana shan jijjiga, ya karye ba zato. Saboda haka ƙa'idar ita ce a rage nauyi a sassan da ba sa ɗaukar kaya, a ƙyale birki da gangar jiki da kusoshin taya, sai dai a sauya su da waɗanda aka ƙera domin wannan aikin.