Me kiristoci ke nufi da cewa su "ƴaƴan Allah" ne?

A Tanda da sauran garuruwan gundumar Gaya, kusa da iyakokin Binin da Najeriya, musulmi ne mafi rinjaye, kiristoci tsiraru ne. Cikin maganganun kiristoci, ba wadda ke ɗaure wa maƙwabtansu kai kamar kiran kansu "ƴaƴan Allah".

A koyarwar coci, ba haihuwa ake nufi ba, ɗauka ce. Manzo Bulus ne ya yi wannan bayani cikin wasiƙunsa ga Romawa da Galatiyawa. A dokar Romawa ta zamaninsa, wanda aka ɗauka ɗa yakan sami sunan gidan da cikakken gado. Nan ne ya bambanta da ɗan riƙo a musulunci, wanda ke riƙe sunan mahaifinsa, kuma riƙo ba ya ba shi gado. Kiristoci na cewa haka Allah ke karɓar mai bangaskiya, don alherinsa, ba don asali ko dukiya ba.

Shi kuwa mutunci, a ganinsu na kowa ne, kirista ko musulmi, tunda littafin Farawa ya nuna an halicci mutum cikin kamannin Allah. A watan Afrilun 2024, fadar Fafaroma ta fitar da takardar Dignitas Infinita, wadda ta yi tir da safarar mutane da cin zarafin mata.

Batun ya shafi Nijar, wadda ta mai da bautar da mutane babban laifi a 2003. A garin iyaka, ana gane wannan koyarwa ne daga yadda ake bi da ƴar aiki, almajiri da baƙo.