Injin Sanyi da Turmin Inna

Ƙanena, mai sayar da kayan waya a bakin tashar Tasawa, shi ya miƙo mini wayarsa wata rana bayan la'asar. "Yaya, dubi wannan injin. Da za mu samu irinsa, ai man gyaɗa da man aduwa sun zama namu." Na karɓa na duba. Tukwane ne na farin ƙarfe a wani ɗaki a Amurka, an sarƙa su da bututu, ƙanƙara ta kama jikinsu, wani ruwa mai kalar zuma yana tsiyaya. Da yake kimiyyar sinadarai nake koyarwa, na gane abin, na ce ya ja benci ya zauna.

Don wiwi aka ƙera injin nan, da kuma ɗan'uwansa wanda ba ya bugarwa, wanda ake nomawa a wasu ƙasashe don zare da magani. Kada a haɗa shi da ramar da muke kwaɗo da ganyenta mu tufka igiya da ɓawonta. Dangi ma ba su haɗa ba. A shekarar 2018 Amurka ta halatta noman irin da sinadarin maye na THC bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari a jikinsa ba, a shekarar ce kuma hukumar magungunan ƙasar ta amince da Epidiolex, maganin wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar sha'ani, wanda ake yi da sinadarin CBD na wannan tsiro. Lesoto ta fara ba da lasisin noman magani tun 2017, Maroko ta yi tata dokar a 2021. A Nijar kuwa noman wiwi da sayar da shi da shansa duk laifi ne, kuma ni da na ga ɗalibai masu ƙwaƙwalwa sun lalace a kansa ba zan yi wa kowa kwaɗayinsa ba. Abin da ya ja hankalina dabarar tatsar ce.

Ana jiƙa busasshen tsiron ne a cikin itanol, wato alkol irin wanda ake goge fata da shi kafin allura. Alkol mai kwashe-kwashe ne. Idan da ɗumi, yakan ɗebo sinadarin da ake nema, ya haɗo da koren ganye da kakin da ke jikinsa, abin ya fito baƙi-baƙi, ga ɗaci, sai an sake wahalar tacewa. Amma idan aka sanyaya shi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, sai ya zama mai zaɓe: ya ɗauki abin da ake so, ya bar yawancin kakin da koren a cikin tuka. Ba ya daskarewa, don sai ya kai wajen digiri 114 ƙasa da sifili yake zama ƙanƙara.

Daga nan injinan suke rabuwa. Mafi araha shi ne tukunyar jiƙo kawai, a zuba, a jira, a tsiyaye. Aibinta, alkol mai yawa yana maƙalewa a cikin tukar, kuɗi ke nan ake zubarwa. Shi ya sa masu hali ke sayen mai juyawa, wanda aikinsa ya yi kama da na injin wanki lokacin da yake matse tufafi: a cusa tsiron a jaka mai ƙananan huji, a wanke shi da alkol mai sanyi na 'yan mintoci, sannan kwandon ya yi ta wulwulawa har ya fizge kusan duk ruwan. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma tukar takan fito kusan a bushe.

Inda mutane ke ruɗuwa shi ne, su ɗauka an gama. Saura raba alkol ɗin da abin da ya ɗebo, kuma nan ne aiki ke cushewa. Alkol yana tafasa a digiri 78, ana kuma zuƙe iskar cikin tukunya don ya tashi ba tare da zafi ya ƙona maganin ba. Ƙaramin mai sana'a yana amfani da tulun gilashi mai juyawa a cikin ruwan ɗumi, 'yan litoci a awa ɗaya. Babban kamfani yana da dogayen bututu waɗanda ruwan ke gangarowa a jikinsu siriri, yana ƙafewa yana komawa tanki don a sake aiki da shi. Wanda ya sayi babban injin wanke tsiron ya haɗa shi da ƙaramin tulu, sai ya wuni yana jiran tulun. Ga kuma wuta: tururin alkol da tartsatsi ɗaya sun isa su tashi gida.

Na ce wa ƙanena ya yi lissafi da watan Afrilu, lokacin da zafin Tasawa da Mayahi ke haura digiri 40. Daga nan zuwa 40 ƙasa da sifili tazarar digiri 80 ce, firizar da ake ƙanƙara da ita a kasuwa kuwa iyakarta wajen 18 ƙasa da sifili. Wace wutar lantarki ce za ta riƙe wannan sanyi dare da rana? Ya yi shiru. Sannan na gaya masa abin da ya fi wannan: alkol mai sanyi ba ya narkar da man gyaɗa da kyau. Ko kyauta aka ba mu injin, ba zai yi aikin da yake buri ba.

Man gyaɗa matsi yake so da ɗumi, kuma Inna ta san haka tun ba a haife mu ba. Ta soya gyaɗa, ta murje, ta sheƙe, a kai niƙa, ta juye a turmi tana juyawa da taɓarya, tana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan har tunkuza ta haɗe, mai ya taso. Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne. Turmi yana barin da yawa a cikin tunkuza, amma ba asara ba ce, don ƙuli-ƙuli ake yi da ita. Injin matsa mai dunƙulallen ƙarfe, wanda ƙungiyar mata za ta iya haɗa kuɗi ta saya, yana fitar da fiye da haka ba tare da wani sinadari ba. Manyan masana'antun duniya su ne ke bi da hegzan, wani ruwa dangin fetur, su tatse tukar har abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Man aduwa ma matsa ƙwallon ake yi, kamar yadda Sahara Sahel Foods ke yi a Damagaram.

Inda dabarar alkol za ta iya yi mana rana, a ganina, shi ne bedi, wato dogon yaro. Sinadarin 'ya'yansa mai hana ƙwari cin amfanin gona yana narkewa sosai a alkol, ba ya kuma neman wancan sanyi mai tsada. Manoman wake a ƙauyukan Gulbin Kaba sun riga sun san rabin aikin: a daka 'ya'yan, a jiƙa a ruwa su kwana, a tace, a fesa. Matsalar ruwan feshin ita ce ba ya ajiyuwa, rana tana kashe ƙarfinsa. Wannan ne nake so in ga masana na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Ƙulodo ta Maraɗi sun zauna a kai tare da manoma.

Ƙanena ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu. "To Yaya, injin matsar nan, nawa zai kai?" Na ce in an kwana biyu mu shiga Maraɗi wurin maƙera mu tambaya, mu tafi da tiya biyu ta gyaɗar Inna a gwada a gabanmu.