Tafi-da-gidanka a Gaɓar Tekun Norfolk: Hutu, Saƙa da Kallon Tsuntsaye

A gabashin Ingila akwai wani lardi mai suna Norfolk, wanda ƙasarsa shimfiɗaɗɗiya ce, ta turo kai cikin Tekun Arewa ta fuskanci ƙasar Holan, kuma akwai wata hanyar mota mai lamba A149 da ta bi gaɓarsa tun daga King's Lynn, ta ratsa Hunstanton da Wells da Sheringham da Cromer, har ta dangana da Great Yarmouth. Daga watan Afrilu zuwa Satumba wannan hanya takan cika da motoci masu jan karaban, wato wani ɗaki mai ƙafafun mota wanda ake ƙulla shi a bayan ƙaramar mota, a cikinsa akwai gado da murhun gas da tankin ruwa da ɗan makewayi, ta yadda iyali za su kwana su tashi a duk inda suka yada zango. Wanda ya ga dattijo da matarsa sun ajiye irin wannan ɗaki a gefen gona, miji na rataye da madubin hangen nesa, matar na riƙe da ulu da allurar saƙa, yana iya ɗaukar abin a matsayin zaman kashe wando na waɗanda suka ƙoshi. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a wannan zato, sai dai irin wannan hutu na masu tafiya a hankali shi ne ya tara jama'ar da suka saba da lura da rubuta abin da suka gani, kuma daga littattafan aljihunsu ne aka gano cewa rayuwar wasu tsuntsayen Ingila tana rataye ne a kan ruwan saman da ke sauka a yankin Sahel.

Asalin wannan al'ada na masu hali ne. A shekarar 1885 wani likitan sojan ruwa mai ritaya, ɗan Sikotland, William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa wani katafaren ɗakin katako da dawakai biyu ke ja, ya yi yawo da shi daga kudancin Ingila har ƙasarsu, tare da direba da bara, yana kwaikwayon mutanen Romani masu yawo da gidajensu, waɗanda ita kanta al'ummar Ingila ke yi wa kallon raini a lokacin. A 1907 aka kafa ƙungiyar masu karaban, wadda har yau tana nan da mambobi masu ɗimbin yawa, sannan a 1919 kamfanin Eccles na Birmingham ya fara ƙera irin wanda mota ke ja don sayarwa. Amma abin da ya buɗe wa talaka ƙofa shi ne dokar hutu da albashi ta 1938, wadda ta share fagen ba ma'aikata hutun mako guda a shekara ba tare da an yanke musu kuɗi ba, sai kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu da wani maƙeri mai suna Sam Alper ya fito da samfurin Sprite, marar nauyi, mai araha, wanda ƙaramar motar iyali za ta iya ja. Saboda haka wanda yake neman dalilin wannan sha'awa bai kamata ya tsaya ga son daji da aka ce Turawa suna da shi ba, domin sai da aka sami albashi mai ɗorewa da hutun da doka ta tsare da kuɗin fansho kafin magini ko malamin makaranta ya sami sukunin zama ya kalli agwagwar ruwa.

Dokokin hanya ma sun taimaka wajen siffanta wannan yawo. Motar da ke jan karaban ba ta da izinin wuce gudun mil 50 a sa'a a kan hanya mai hannu ɗaya, ko mil 60 a kan tagwayen hanyoyi, kuma a ƙananan hanyoyin ƙauyukan Norfolk, inda katangun dutse suka matse titi, ko rabin haka ba a samu, abin da ya sa sauran direbobi ba sa ƙaunar ganinsu a gabansu. Dokar wuraren zango ta 1960 ta hana ajiye karaban a ko'ina sai a wurin da ke da lasisi, amma ta bar wata kafa: manomi na iya karɓar karaban da ba su wuce biyar ba a filinsa idan ƙungiyar da aka amince da ita ta ba shi shaida. Sakamakon haka shi ne matafiyin yakan ajiye ɗakinsa wuri guda ya yi kwanaki, yana dafa abincinsa da kansa, yana fita da ƙafa da sassafe, yana komawa wurin da ya je bara da bara waccan, har ya san wace fadama ce ta janye, wane tsuntsu ne bai zo ba.

Gaɓar kanta ba iri ɗaya ba ce. A Hunstanton akwai ganuwar dutse mai ratsi uku, ruwan ƙasa da ja da fari, kuma garin yana fuskantar yamma, shi ya sa ake ganin faɗuwar rana a kan ruwa ko da yake gabashin ƙasar yake. Daga nan zuwa gabas sai fadamun gishiri, wato filayen laka da ciyawa waɗanda teku ke mamayewa idan ya cika, ya sake su idan ya janye, sau biyu a kowace rana. A Blakeney akwai wani dogon harshen tsakuwa mai kimanin mil huɗu da ya miƙe cikin teku, wanda ya shiga hannun hukumar adana wuraren tarihi ta National Trust tun 1912, kuma a nan ne dabbar teku mai shayarwa da ake kira sil take haihuwar 'ya'ya dubbai a kowane hunturu. Cromer ta yi suna da ƙaguwa. Daga can kudu kuwa labarin ya sha bamban, domin ƙasar laka ce da yashi, teku na cinta a kowace shekara, har a ƙauyen Happisburgh an rasa gidaje da titi, kuma a 2013 zaizayar ta tono sawun ƙafafun mutane da aka ƙiyasta sun haura shekara 800,000. Mutanen yankin ba su manta da ambaliyar daren 31 ga Janairu 1953 ba, wadda ta kashe mutum fiye da 300 a gabashin Ingila. A irin wannan gaɓa ɗaki mai ƙafa ya fi ginin bulo hikima, kuma a Happisburgh an ɗauke filin zangon karaban ɗungurungum an mayar da shi cikin tudu da teku ya matso.

Ruwan sama ba shi da lokaci a Ingila, kuma yini yakan ƙare a cikin ɗakin da bai fi taku shida ba, don haka aikin hannu ya zama abokin wannan tafiya, musamman saƙa da kwarashi da ɗinkin ado da dafa 'ya'yan itace da sukari a zuba a kwalba. Saƙa tana da tushe a wannan gaɓa tun kafin zuwan masu yawon buɗe ido. Matan masunta sukan saƙa wa mazansu wata rigar ulu mai shuɗin duhu da ake kira gansi, wadda ake saƙa ta a zagaye da siraran allurai ba tare da ɗinki ba, a matse ƙwarai don kada iska ta ratsa, kuma ta Sheringham ta shahara da ƙanƙantar idon saƙa. 'Yan matan Sikotland da ke biyo jiragen kamun kifi zuwa Great Yarmouth a kowace kaka don fede kifi, su ma ba sa rabuwa da allura ko suna tafiya. Ana yawan gaya wa baƙi cewa kowane ƙauye yana da zanensa domin a gane gawar masunci idan teku ya turo ta, amma masu binciken tarihin sutura sun nuna cewa zane yakan yi yawo daga tasha zuwa tasha tare da masaƙan, don haka labarin ya fi daɗin ji a kan ƙarfin hujja. Abin da ya canza shi ne, a da larura ce ta sa ake saƙar, yanzu kuwa rigar kanti ta fi ulun da za a saƙa ta araha.

Kallon tsuntsaye shi ne ginshiƙin al'amarin, kuma ya samo asali ne daga ɓarna. A ƙarni na 19 masu bindiga da masu tara ƙwai sun yi wa tsuntsayen gaɓar Norfolk kisan kiyashi, ana cusa wa gawar auduga a ajiye a akwatin gilashi, a lokaci guda kuma kasuwar hulunan mata a Landan da Faris tana cinye gashin tsuntsaye daga ko'ina a duniya. Mata ne suka fara tayar da ƙayar baya: a 1889 Emily Williamson ta kafa wata ƙungiya a Manchester don yaƙi da sa gashin tsuntsu a hula, wadda ta zama ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB, ta sami amincewar sarauta a 1904, ta kuma ga an hana shigo da gashin da dokar 1921. A yau mambobinta sun haura miliyan ɗaya. A 1926 wani likita a Norwich, Sydney Long, ya haɗa abokansa suka sayi fadamar Cley domin a bar wa tsuntsaye, kuma daga nan ne tsarin ƙungiyoyin kare namun daji na larduna ya bazu a Birtaniya. Wani dogon tsuntsun ruwa mai fari da baƙi, wanda bakinsa ya lanƙwashe sama, ana kiransa aboset, ya daina ƙyanƙyasa a ƙasar kusan shekara ɗari, sai a 1947 ya dawo a Minsmere da ke maƙwabciyar lardin Suffolk, a filin da aka cika da ruwa da gangan lokacin yaƙi don tare sojojin Jamus. Hotonsa ne tambarin RSPB.

Mai kallo ba ya buƙatar komai sai madubin hangen nesa da littafin gane nau'o'i da haƙuri, sannan yakan zauna a cikin maɓoya, wato wata rumfar katako mai siririyar taga da aka gina a bakin fadama don tsuntsu ya matso bai ga mutum ba. A hunturu dubban dinyoyin daji masu jajayen ƙafafu suna zuwa daga Aisland da Girinland su yi kiwo a ragowar gonakin gwozar sukari, a Snettisham kuwa idan teku ya cika sosai yakan kori dubun-dubatar ƙananan tsuntsayen laka su tashi lokaci guda. Amfanin abin ga ilimi yana cikin rubutu. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta BTO, wadda hedikwatarta ke Thetford a cikin Norfolk ɗin, ita ce ke tattara ƙidayar da 'yan sa-kai ke yi a wuri guda shekara bayan shekara, ita ce kuma ke kula da sa zobe, wato ƙaramin ƙarfe mai lamba da ake maƙala wa tsuntsu a ƙafa domin idan an sake kama shi a wata ƙasa a san inda ya fito.

Kamar yadda manomin ƙasar Hausa ke sa ido ga zuwan shamuwa ya san damina ta ƙarato, haka mutumin Ingila ke jiran tsuntsayen da ke dawowa daga Afirka a watan Afrilu. A 1969 masu ƙidaya suka tarar da cewa wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda nauyinsa kimanin giram 15 ne, ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a tsakanin shekara guda, alhali ba a ga wani abu da ya same shi a Ingila ba. Binciken da aka buga a 1974 ya danganta abin da ƙarancin ruwan sama a kudancin Sahara, inda tsuntsun ke cin rani yana tara kitsen da zai ƙetare hamada da shi, wato farin nan da ya ci gaba har ya kai ga yunwar 1973 da ta halaka mutane da dabbobi a Nijar da Mali da Cadi da arewacin Nijeriya. Tun kafin haka, a shekarun 1960, masana sun auna nauyin tsuntsayen Turai a Malam Fatori da ke bakin Tafkin Cadi, suka ga yadda suke ƙiba kafin tashi. Daga baya an tabbatar da cewa yawan wasu nau'o'in da ke komawa Turai yana hawa yana sauka daidai da kyawun daminar Sahel. Ba kowace asara ce za a ɗora wa fari ba: kurciyar Turai, wadda aka bi sawun wata daga Suffolk har Mali da na'urar tauraron ɗan'adam, ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a Birtaniya, kuma babban laifin yana kan salon noman Ingila da ya kawar da ƙwayar ciyawar da take ci, da kuma harbin da ake yi mata a hanya.

Dausayin Haɗeja da Nguru, a tsakanin Jigawa da Yobe, yana cikin manyan masaukan waɗannan baƙi, ko da yake yawancin masu sauka a can daga tsakiya da gabashin Turai suke fitowa. An sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, sai dai madatsun Tiga da Challawa sun rage ambaliyar da ke ciyar da shi, ciyawar kacala kuma ta toshe magudanai, abin da ya shafi masunci da manomin shinkafa da makiyayi kafin ya shafi agwagwa. Manomin da jan baki ya cinye wa gona ba zai kalli tsuntsu da idon mai hutu ba, kuma duk shirin kariya da ya manta da wannan ba ya nisa. Inda bambancin ya fi fitowa shi ne wajen ƙidaya, domin fadamar Cley tana da bayanan kusan shekara ɗari, dausayoyin Sahel kuwa sai jefi-jefi ake ƙirga su. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos tana horar da masana daga ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma tun 2015 take jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, inda 'yan sa-kai ke rubuta abin da suka gani ta wayar salula suna aikawa.