Ruwan da ke ruɗin ma'aunin kankare

Ginshiƙin gada ta fata yake fara lalacewa. Tsakanin iskar waje da rodi akwai kankare mai kaurin 'yan santimita, kuma shi ne garkuwar ƙarfen. Idan wannan fata tana cike da ƙananan ƙofofi masu haɗe da juna, iskar kabon da gishiri sai su ratsa, rodi ya yi tsatsa, ya kumbura, ya tsage ginin. Shi ya sa injiniyoyi suka nemi hanyar auna fatar ba tare da sun fasa gini ba. A 1992 Roberto Torrent, injiniya da ke aiki a Suwizalan, ya bayyana wata na'ura mai kamar ƙoƙo, ɗaki cikin ɗaki. A manna ta jikin bango, famfo ya zuƙe iskar ciki, sannan a duba saurin da iska ke kutsowa daga kankaren zuwa ɗakin tsakiya. Ɗakin waje shi ke tare iskar gefe. Cikin 'yan mintuna aiki ya ƙare, kuma a 2003 hanyar ta shiga ƙa'idojin gine-ginen ƙasar.

Abin da na'urar ke karantawa tarihin kwaɓi ne. Siminti ruwa kaɗan yake ci; ragowar da aka tuttula don kwaɓin ya yi laushi ƙafewa yake yi, ya bar hanyoyi a gurbinsa. Haka ma idan ba a shayar da sabon kankare ba a kwanakin farko, iskar hunturu ta busar da fatar tun ba ta ƙosa ba. Tokar kwal da dattin narkar ƙarfe da ake haɗawa da siminti kuwa suna tsuke ƙofofin, amma a hankali, kuma sai an ba su ruwa sosai.

Sai dai ruwan da ya haƙa hanyoyin shi ne kuma ke ɓoye su. Kankaren da ya sha damina ƙofofinsa a toshe suke, iska ba ta wucewa, na'ura sai ta ce madalla, alhali kyan ɗan maciji ne. Aikin da aka cika wa ruwa, in an auna shi a jiƙe, yana iya doke nagari da aka auna a bushe. Don haka ƙa'idar Suwizalan ta ce a fara auna laimar fatar da ma'aunin lantarki, kada ta wuce kashi 5.5 cikin ɗari, a kuma gwada wurare 6, ba ɗaya ba.

Wani zai ce ma'aunin da yanayi ke juyawa ba abin dogaro ba ne, gara a tsaya ga ɗan curin kankaren da ake matsewa a ɗakin gwaji bayan kwana 28. Amma wannan curi ɗan gata ne: a mazubi aka daddale shi, a cikin ruwa ya kwana, rana ba ta taɓa shi ba. Ƙarfin kwaɓi yake shaidawa, bai san yadda aka zuba ginshiƙi ko aka shayar da shi ba. Raunin gwajin iska kuwa sananne ne, yana da magani: a kare wurin daga ruwan sama, a jira ya bushe, a rubuta laima kusa da kowane sakamako. Mai gini da aka miƙa wa takardar gwaji ya nemi lambar laimar tukuna. In babu ita, bai ga shaidar ingancin gininsa ba.